Littattafan Bangali da Tagogin da Na Buɗe

Shekaranjiya, bayan ruwan da aka kwana uku ana zubawa, na buɗe durowar da nake ajiye zannuwan gado, sai wani wari ya bugi hancina. Kun san shi, warin nan na kayan da suka sha laima a rufe, wanda bai kai ɗoyi ba amma yana kama maƙogwaro. Na daɗe tsaye riƙe da murfin durowar, na ma manta abin da na zo ɗauka. Warin nan ya ɗauke ni cak ya kai ni wani ɗaki a hawa na huɗu a unguwar Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda na yi shekara biyu ina yarinya, gab da shiga shekara ta dubu biyu.

Za ku ce me ya kai 'yar shekara tara ƙasar Sin a wancan lokaci, da ko manyan 'yan kasuwar Kano ba kowa ya san hanyar ba. To, ciki ne ya kai ni, cikin Baba. Shekara guda ya yi a can yana rayuwa a kan burodi da shayi da dafaffen ƙwai, don duk naman da aka ajiye masa sai ya ce bai yarda da yankansa ba. Da ya dawo gida hutu, Umma ta ga wuyansa ya yi tsawo, hularsa tana yawo a kansa, sai ta ce ba za ta zauna tana jiran gawa ba. Ya ce to ta shirya. Ita kuma ta ce ƙafarta ƙafata. Haka muka tattara kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa muka hau jirgi.

Ɗakuna biyu muka kama a gidan wata tsohuwa 'yar ƙasar, ita tana ƙasa da jikarta, mu muna can sama. Jikar sa'ata ce. Ranar farko ta miƙo hannu ta taɓa kitsona, na buge hannun, washegari kuma muka zama ƙawaye. Ba na zuwa makaranta, Baba ke biya min allo da safe, Umma ta koya min boko da rana, sauran wunin kuwa a matattakala muke yin sa ni da ita. Kafin wata shida na iya yarensu daidai na faɗa da na sayen alewa. Baba kuwa har muka baro ƙasar kalmominsa ba su wuce na ciniki ba, ya ce loban in yana kiran mai shago, ya ji meyo ya gane babu, ya yi godiya ya fito.

Sana'ar Baba yadi ce. Shadda da leshi da riguna masu aikin inji yake saye, a loda su a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, su yi wata da watanni a ruwa kafin su iso gida. Wani lokaci 'yan kasuwa su aiko masa da riga daga Kano a matsayin samfur, ya kai masana'anta, su farke ta ɗinki-ɗinki, su fito masa da irinta dubu. Amma asalinsa ɗan masaƙi ne. Kakana, wato mahaifinsa, yana can wani ƙauye gabas da Kano, shi kaɗai ya rage yana jefa ƙoshiya a zuriyar da a da kowane namiji a cikinta masaƙi ne. Baba ya koyi saƙa yana yaro, ya gudu birni ya zama tela, daga tela ya zama ɗan kasuwa. Bai taɓa ce min yana jin kunyar wannan tafiyar ba. Ni ce na gano da kaina, a yadda yake kawar da kai duk ranar da aka rufe ƙofar kwantena.

A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe, irin na amare na da. A ciki littattafai ne goma sha huɗu, kowanne a naɗe cikin fata, sannan a tsohon zane. Tsofaffin littattafai ne, wasu sun girmi Kaka nesa ba kusa ba, kuma duk abu ɗaya ne a cikinsu, zanen mutanen ƙasar Bangala da irin suturarsu. Na farkon wani malamin makaranta Bangali ne ya bar masa a Kano, lokacin da Baba yake masa ɗinki. Sauran ya tsinto su ne ɗaya bayan ɗaya, a rumfunan masu tsofaffin littattafai a garuruwan da fatauci ya kai shi, da kuma hannun wani dattijo Bangali mai ɗan gidan abinci a titin Huanshi Lu, wanda suka saba a masallacin Juma'a. Dattijon nan in matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙasarsu za su zo Huangpu sai ya yi musu sautu, su shekara suna nema, su kawo ɗaya. Wasu littattafan da Turanci aka yi bayaninsu, Baba yana ɗan tsintar abin da ya iya. Wasu kuma da rubutun Bangali ne, wanda haruffansa suke a rataye jikin layi kamar wanki a igiya.

Abokan kasuwancinsa sun sha yi masa tsiya a kan wannan. In sun zo cin tuwon Umma, wani ya ce, "Alhaji, mutane na tara kwantena, kai kana tara hotunan Indiyawa?" Baba ya yi murmushi ya tura masa kwanon miya. Bai cika jayayya ba, amma taurin kansa ya fi na duk wanda na sani, kuma ni na gado shi, sai dai ban yi amfani da shi ranar da ya kamata ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake buɗe akwatin. Sai mun wanke hannu da sabulu mun goge tas. Baba ya zauna a kan tabarma, ya ɗora littafi a kan filo, ni ina gefensa ina leƙe, an hana ni taɓawa. Kowane zane akwai wata 'yar takarda shara-shara a kansa, sai ya hura ta a hankali ta ɗaga. Ga mace ta naɗa farin sari mai jan baki, ta ɗauko tulu a kwankwaso. Ga mai kwale-kwale ya ɗaure zane a ƙugu ya tattare shi zuwa gwiwa. Ga malami da rawani da doguwar riga, ya yafa mayafi a kafaɗa. Ga mai sayar da nono, ga mai ɗaukar saƙo, ga amarya da awarwaro har gwiwar hannu. Da hannu aka shafa musu launi, ɗaya bayan ɗaya, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kuma wasu wuraren suna sheƙi in haske ya taɓa su. Dattijon nan ya taɓa gaya wa Baba cewa ƙaro ne aka shafa don launin ya fito. Baba ya yi ta jin daɗin wannan magana, yana cewa wataƙila ma daga dajinmu aka ɗebo ƙaron.

Akwai wani shafi da kullum a nan yake daɗewa. Masaƙi ne zaune, ƙafafunsa cikin rami, kusa da shi wata mata ta ɗaga yadin da ya saƙa, kana ganin yatsunta ta cikinsa. Wata Juma'a dattijon ya biyo mu gida, ya zauna ya ƙura wa shafin ido. Da guntun Turanci da guntun Larabci suke magana, Baba ya fassara mana daga baya. Wai dattijon ya ce kakanninsa su ne masu wannan saƙa, amma shi bai taɓa riƙe yadin a hannunsa ba. Yadin inji ya zo musu a jirgin ruwa, mai araha, masaƙa suka watse, har audugar da ake yin zaren ta ɓace. Ya ce abin da ya rage masa na kakanninsa shi ne wannan takarda, kuma ya gode wa Allah da wani ya zauna ya zana kafin a rasa.

Bayan ya tafi Baba ya daɗe bai rufe littafin ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kin ga waɗannan, tasu ta mutu amma an san kamanninta. Tamu in ta mutu, ko kamanninta ba za a sani ba. Kuma ni ne nake loda abin da zai kashe ta."

Abin da yake so ke nan, kuma saboda shi yake tara littattafan. Yana son a yi wa suturar Hausa irin wannan aiki. A zaunar da Kaka da tsofaffin da suka rage, su fito da abin da ke cikin adudunsu, saƙi da tsamiya da barage da bunu, a sa mai zane ya zana kowanne a jikin mutum, a rubuta sunansa da yawan zarensa da wanda ke sa shi da ranar da ake sa shi. Kaka ne ke da wannan ilimin a kansa, kuma Kaka ya ƙi. A kaset suke magana, don Kaka ba ya karatun boko, kuma babu waya a ƙauyen. Duk ɗan kasuwar da zai koma gida sai Baba ya ba shi kaset, in zai dawo ya zo da amsa. Ina tuna muryar Kaka tana fitowa daga rediyo, ga kukan kaji a bayansa, yana cewa shi bai ga abin da zai sa a zana mutum a takarda kamar wani ɗan tsana ba, kuma sana'a a hannu take zama ba a littafi ba. Sai da aka yi kaset wajen biyar ana jan zance kafin ya ɗan sassauta. Ya ce, "To, ka kawo su in gani da idona. In na ga mutanen kirki ne a ciki, cikin suturarsu ta mutunci, kuma abin yana daɗewa kamar yadda kake faɗa, sai in tara maka tsofaffin."

Ranar da wannan kaset ya iso, Baba har da saya min takalmi. Aka tsayar da magana za mu je gida bayan babbar salla, da akwatin.

Mun yi ƙaramar salla cikin sanyi, daidai lokacin da 'yan ƙasar suke bikin sabuwar shekararsu, ko'ina jajayen takardu da bishiyoyin lemo a tukwane. Makonni kaɗan bayan nan, wata safiya muka tashi muka ji garin ya yi ɗumi. Na sauko daga gado ƙafata ta zame. Daɓen ɗakin ya jiƙe sharkaf kamar an yi wanki, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Bango yana gumi, ruwa na gangarowa a jikinsa layi-layi. Madubin Umma ya rufe, gishiri ya narke a kwano, kayan da muka shanya kwana uku suna nan yadda aka rataye su. Mu mun san damina, mun san ruwa yana saukowa daga sama ya wuce rana ta fito. Wannan ruwan a cikin iska yake, ba ka ganinsa, shaƙarsa kake yi. Shekarar da ta wuce a irin wannan lokacin Baba yana gida Kano, don haka shi ma bai taɓa gani ba.

Ya jawo akwatin ya buɗe, ya sunsuna, fuskarsa ta canza. Ya ce sun fara warin laima. A ranar kuma zai tafi wata masana'anta a wani lardi mai nisa, tafiyar kwana shida, ba ta ɗaguwa. Sai ya yi abin da duk mutumin Kano mai hankali zai yi. Ya warware littattafan daga fatunsu, ya shimfiɗa tabarma a gaban taga, ya jera su a buɗe, ya wangale tagogin nan biyu don su sha iska.

Ba a jima ba muka ji tsohuwa mai gida tana hawowa, tana haki tana faɗa tun daga matattakala. Ta hango tagoginmu daga tsakar gida. Ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna taga, tana haɗa tafukanta biyu. Na ji abin da ta ce sarai. Na ce, "Baba, wai a rufe. Wai iskar kudu ce, ita ke kawo ruwan. Wai in an buɗe taga shigowa take yi, kowa rufewa yake sai ta wuce."

Baba ya yi dariya, dariyar nan tasa mai daɗi da ba ta da raini a ciki. Ya ce, "Ce mata mun gode. Uwata, tun ba a haifi Ummanki ba nake shanya yadi. A ina kika taɓa jin an busar da kaya a rufaffen ɗaki?"

Na buɗe baki zan ƙara, sai Umma ta kalle ni. Kun san kallon. Na rufe bakina.

Da zai fita ya durƙusa a gabana, ya riƙe kafaɗuna. Ya ce ni ya ba wa amana, tunda ni na fi kowa sanin darajarsu. Kullum da safe in wanke hannu, in jera su, in buɗe tagogi, in riƙa juya shafuka don kowanne ya samu iska. Da yamma in rufe su in ɗora su wuri ɗaya. Rana ta farko ke nan da aka yarda in taɓa su. Don daɗi har ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na yi yadda ya ce, ban tsallake ko ɗaya ba. Rana ta farko na ji takardun sun yi sanyi. Ta biyu sun yi laushi, suna lanƙwashewa a hannuna kamar ganyen da aka tafasa. Na leƙa ta taga na ga duk gidajen layin tagoginsu a rufe, wasu har sun toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, tamu kaɗai ce a wangale. Ƙawata ta ce kakarta ta ce baƙin nan na sama ba su da kai. Na yi fushi na daina kula ta kwana biyu, amma a cikina na san inda gaskiya take.

Rana ta uku 'yar takardar nan shara-shara ta manne a fuskar matar mai tulu. Na kai wa Umma, na ce mu rufe tagar. Ta daɗe tana kallon littafin. Ita ma tsoro take ji, na gani a idonta. Ta ce, "In muka rufe suka lalace, me za mu ce masa? Ya bar magana mun saɓa. In muka bi maganarsa, ko me ya faru mun fita." Ba mu da lambar inda yake, ba mu san wanda za mu tambaya ba. Ƙarshen shawararmu ita ce iskar ce ba ta isa ba. Muka kunna fanka muka juya ta tana jawo iskar waje tana hura musu. Da yamma na rufe su kamar yadda aka ce, na ɗora wani kan wani, ƙaron nan da ya jiƙe ya kwana yana kama shafin da ke gabansa.

Har yau in na tuna ina jin haushin yarinyar nan. Tana da kunne, tana da ido, ita kaɗai ce a gidan ta ji yaren mutanen da suka san garin. Tagar ba ta fi ƙarfinta ba, hannu ɗaya ke rufe ta. Amma kullum da safe sai ta wanke hannu da sabulu, ta yi bisimilla, ta buɗe.

Baba ya dawo rana ta shida da la'asar, da ledar lemo a hannu. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya nufi tabarma. A lokacin fumfuna ta riga ta fito a murafensu, fara da kore da baƙa. Ya ɗauki babban, mai masaƙin nan, ya sa yatsa zai buɗe, ya ƙi. Ya ɗan ƙara ƙarfi, sai muka ji ƙarar yagewa a hankali. Rabin masaƙin ya tafi a shafi ɗaya, rabi ya zauna a ɗayan. Matar da ke ɗaga yadin babu fuskarta, jan bakin zanenta ya zube ya rine wurin. Ya ajiye ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Wasu sun haɗe gaba ɗaya sun zama kamar tubali.

Na jira ya yi faɗa. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Bai ce komai ba sai Inna lillahi, sau ɗaya, can ƙasan maƙoshi. Sannan telan da ke cikinsa ya motsa, ya ce Umma ta jona dutsen guga. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan shafi ya bi da dutsen a hankali, wai ya kori danshin. Tururi ya tashi, ɗakin ya cika da warin dafaffiyar takarda. Wanda ya goge ɗin ya bushe kam, amma zafin ya gasa ƙaron, shafukan suka kama juna kamun da babu mai raba su. Sai da ya yi wa uku haka kafin Umma ta riƙe hannunsa ta ce, "Alhaji, ya isa."

Washegari ya sauka da kansa wajen tsohuwa mai gida, ya tafi da ni in yi masa tafinta. Ya ce in ce mata ita ke da gaskiya. Ta girgiza kai, ta ba mu buhun gawayi ta ce mu ajiye a kusurwar ɗaki yana shan danshi. Muka hau da shi muka ajiye, ba don yana da sauran amfani ba. Ranar Juma'a dattijon Bangali ya zo. Ya zauna a kan tabarma ya ɗauki ɗaya ya juya, ya cire tabarau ya goge ido da gefen rigarsa. Bai ci abincin da Umma ta kawo ba. Baba ya tambaye shi ko za a sake samun irinsu. Ya ce wataƙila ɗaya, wataƙila biyu, in Allah ya ba su tsawon rai su duka.

Mun je gida bayan babbar salla kamar yadda aka tsara. Kaka bai san abin da ya faru ba, don Baba ya kasa faɗa a kaset. Muka tarar ya sa an share zaure, ya aika an gaya wa tsofaffi huɗu abokan sana'arsa, sun zo sun zauna da rigunansu na fita. Har adudunsa ya sa an fito da shi an ajiye a gefe, a ɗaure. Bayan gaisuwa ya ce, "To, ina mutanen naka?"

Baba ya buɗe jaka ya fito da wanda ya fi dama-dama a ciki, ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Ya yi bayani a taƙaice, bai ambaci sunana ba. Kaka ya karɓa, ya juya shi, ya gwada buɗewa, ya kai hanci ya sunsuna. A 'yan shafukan da suka buɗu babu abin da ake gani sai dabbare-dabbaren launi da ƙafar wani mutum. Ya miƙa wa na kusa da shi, aka zagaya da shi har ya dawo.

Ya ce, "Wannan ne abin da ka ce zai riƙe mana sana'a bayan ranmu?"



Kaka ya dafa adudun ya ce, "Rigar ubana tana nan ciki. Ya sa ta, na sa ta, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Taka takardar kwana shida ta yi a gaban taga." Ba da faɗa ya faɗa ba, da tausayi ma ya faɗa. Sannan ya sa aka mayar da adudun ɗaki ba a kwance igiyarsa ba. Tsofaffin suka sha fura, suka yi addu'a, suka watse.

Baba bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake sayen littafi ba. Muka koma Sin muka ƙarasa shekararmu, kwantena suka ci gaba da tafiya. Kaka ya rasu bayan shekara uku. Aka raba kayan adudun a gado, kowa ya ɗauki nasa. Wasu an sa su har sun mutu, wasu an sayar wa masu yawon sayen kayan da. Rigar uban Kaka kuwa wani ɗan'uwanmu ne ta faɗo wa, ya aika da ita a matsayin samfur, aka farke ta a masana'anta. Tsofaffin nan huɗu suka bi Kaka ɗaya bayan ɗaya. Ramin masaƙarsa an cike shi, yanzu shagon cajin waya ne a wurin.

Yau in kun shiga kasuwa za ku ga yadi iri-iri da aka buga wa zanen saƙi, yana ƙyalli, ga araha, har ni ina saye. Na taɓa tsayawa na tambayi wani mai shago sunan wani da ya yi min kama da wanda Kaka yake saƙawa. Ya duba jikin ledar ya karanto min lamba. Na so in gyara masa, sai na tarar ni ma ban sani ba. Na tuna akwai shuɗi mai duhu da wani siririn fari a tsakani, amma layi nawa ne, wa ke sa shi, ranar me, duk babu. Na zagaya dangi ina tambaya, kowa ya ce ai Kaka ne ya sani. Yaran da ke tasowa ba su ma san an yi asara ba, kuma ban ga ta inda za su sani ba.

Shekara da shekaru ni da Baba ba mu taɓa yin zancen kwana shidan nan ba. Bara, da ciwo ya kwantar da shi, ina zaune ina ba shi kunu da rana, sai ya kawar da cokalin ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Uwata, ranar nan kin san tsohuwar ce ke da gaskiya, ko?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Da ma kin ƙi jin maganata."

Na ce, "Ai kai ka koya min ji."

Ya rufe ido ya ce, "Na sani."  Kunun ya huce a hannuna, na tashi na kai kicin na sake ɗumamawa.